Ciwon ya lafa, amma maigida sai ramewa yake

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan da aka ce maigidana yana da daɗaɗɗen kumburin fankiriyas sakamakon shan giya. Ya daina sha, ciwon cikin ma ya lafa, amma sai ramewa yake, bayan gidansa kuma duk maiƙo. Warkewa ce ta zo, ko akwai sauran rina a kaba?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa sauƙi. Lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, aiki biyu take yi: fitar da ruwan narkar da abinci da samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Duk inda kumburi ya mayar da namanta tabo, ya tafi ke nan. Daina giya na rage ciwo da saurin lalacewar, kuma sigari ma dole ya bi sahu, don tana hanzarta cutar.

Maiƙon da kike gani na nufin kitsen abinci yana wucewa bai narke ba. Ba ya bayyana sai ruwan narkarwar ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, galibi bayan shekara goma ko fiye da somawar cutar. A gwada elastase, ɗaya daga sinadaran narkarwa da fankiriyas ke fitarwa, a bayan gidansa; sakamako ƙasa da 200 alamar gazawar gaɓar ce. Maganin shi ne kafson pancreatin, mai maye gurbin ruwan narkarwar, yawanci mai ƙarfin lipase (sinadarin narkar da kitse) 40,000 zuwa 50,000 a kowane babban abinci, rabin haka a ɗan abin taɓawa. A nan mutane ke kuskure: a haɗiye shi tare da lomar farko, ko a raba shi cikin cin abincin, ba a tauna ba, ba kuma bayan an gama ci ba. Idan maiƙon bai ɗauke ba, likita zai ƙara adadin ko ya haɗa da maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole. Kada ki hana shi mai gaba ɗaya, ramar ce za ta ƙaru. A duba bitamin A, D, E da K, da ƙarfin ƙashinsa.

Sai ciwon suga, wanda kan biyo baya. Nasa yana da wuyar sha'ani, domin sinadarin glucagon mai ɗaga suga shi ma ya ragu, sai sugan ya faɗi warwas bayan allurar insulin. A riƙa gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana jin garau.

Haɗarin kansar fankiriyas na nan, kusan kashi 4 cikin 100 a shekara 20. Idan idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya dawo da sabon salo, a garzaya asibiti a ɗauki hoton ciki. Ƙila bututun madaciya ne ya toshe, ko ruwa ya taru ya yi jaka.