In Masu Duba Sikeli Sun Tsaya a Teburinka

Sani, jiya ka tambaye ni ko da gaske ne ma'aikacin gwamnati na iya ɗauke mana sikeli ana tsakiyar ciniki, nama na kan tebur. Da gaske ne, ɗana. Zauna ka ji.

Mutanen nan daga Hukumar Kula da Inganci ta Gana suke, wadda ake kira GSA. Tun 1975 aka kafa dokar awo da ma'auni a ƙasar nan, a 2022 kuma aka yi wa hukumar sabuwar doka. Ikonsu ya kai su shiga duk inda ake sayar da abu da awo, a lokacin aiki, ba sai sun aiko maka da sanarwa ba. Su ne ke gwada famfon gidan mai, su ne ke gwada sikelin masu sayen koko a ƙauye, to teburin mahauci a kasuwar Kejetia ta Kumasi ne zai gagare su?

Da nasu duwatsun awo suke zuwa. Ma'aikacin ya ɗora kilo ɗaya a sikelinka, ya dubi allura. In ta tsaya daidai, ya manna maka shaida ya wuce. In ta kauce, ya hana ka aiki da shi sai an gyara an sake gwadawa. In kuwa ya ga alamar hannu, an taɓa sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikin sikeli, ko an liƙa wani ƙarfe a ƙarƙashin faranti, nan ne zai ɗauke shi, magana ta nufi kotu.

Abin da yara ba ku ganewa shi ne, allura yake dubawa kafin ya dubi fuskarka. Ni ma ya taɓa cina. Tsohon sikelina na rataye, wanda na gada wurin maigidana, sifirinsa ya saki saboda tsufa da jiƙar ruwan nama, ban sani ba. Na yi ta rantsuwa, mutumin ya ce ya yarda da ni, amma sikelin ne bai yarda da shi ba. Kwana biyu ina aron na maƙwabci. Shi ya sa kake ganin dutsen nan da nake ɗorawa kowace safiya kafin nama ya iso daga mayankar Kaase. Mu har yau da laba muke ciniki, su da kilo suke gwaji. Ka riƙe cewa laba ɗaya giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba.

In sun zo ba na nan, ka gaishe su, ka nemi ganin katin aikinsu, don akwai 'yan damfara. Kada ka ɓoye sikeli ƙarƙashin tebur, kada ka tare musu hanya, wannan laifi ne mai zaman kansa. Kada kuma ka kuskura ka ƙunsa musu tsoka da sunan alheri. In za su tafi da wani abu, su rubuta maka takarda, sannan ka kira ni.

Tashi ka wanke farantin, ga Hajiya can tafe.