Wuƙar Aljihu a Daji: Yadda Ake Tafiya da Ita da Yadda Ake Ɗaukar Ta Hoto

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai son fita daji da hawan duwatsu a ƙarshen mako, ni da abokaina. Ina da 'yan wuƙaƙen aljihu biyu, Victorinox da Opinel, kuma ina sha'awar ɗaukarsu hoto a can dajin. Damuwata biyu ce. Hotunan ba sa yin kyau: ko ruwan wuƙar ya fito fari fat, ko ya fito baƙi ƙirin, wani lokaci ma har da wayata a jiki. Sannan yayana ya ce in daina yawo da wuƙa kada in ja wa kaina magana. Wani abokina kuma ya ce in riƙa caka ta a jikin bishiya, wai hoton ya fi armashi. Wace shawara za ka ba ni?

Mai karatu daga Bauchi

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Zan fara da maganar yayanka, domin ita ce gaba da maganar hoto. Yayanka bai yi kuskure ba. A garuruwanmu yanzu, inda faɗan daba da ƙwacen waya suka addabi jama'a, matashin da aka laluba aka samu wuƙa a aljihun wandonsa zai sha tambaya, ko da kuwa mangwaro yake yankawa da ita. Wannan bai sa ka jefar da wuƙarka ba, sai dai ka gyara yadda kake tafiya da ita. A hanya, ta zauna a naɗe a cikin jaka, tare da gorar ruwa da tocila da igiya da guzurinka. Wanda ya buɗe jakar ya ga waɗannan kaya ya san mai fita daji ne. Sai kun bar gari kun shiga dajin sannan ta koma aljihu. In aka tsayar da ku a shingen bincike, kai za ka fara faɗa cewa akwai 'yar wuƙar aiki a jakar, kada ka bari a gano ta da kansu. Makaranta, banki, asibiti, wurin biki, filin ƙwallo, taron siyasa, duk ba wuraren zuwa da ita ba ne.

Idan dajin na gwamnati ne da ake kare namun daji a cikinsa, irin Yankari da ke jiharku, tambayi masu gadin tun daga ƙofa. Aikinsu kullum fama da mafarauta ne, kuma ba za su ji daɗin ganin ƙarfe ya fito daga aljihun baƙo ba tare da an sanar da su ba. A jirgin sama kuwa, ka saka ta a jakar da ake aunawa a tura cikin jirgi, ba wadda za ka riƙe a hannu ba, in ba haka ba a filin jirgin za ku rabu. In tafiya ta kai ka waje, kowace ƙasa da dokarta. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa ba tare da ya kawo dalili ba matuƙar kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma ba ta da makulli. A Jamus an hana yawo da wadda ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle kanta. Opinel ɗinka, in lamba 6 ce zuwa sama, tana da zoben da ake murzawa ya kulle ruwan, wanda kamfanin ya ƙirƙiro a 1955, don haka a Ingila ba ta shiga wannan rangwamen ba duk da ƙanƙantarta.

Cikin biyun, da ni ne, Victorinox zan fi fita da ita. Tun 1884 Karl Elsener, wanda ya kafa kamfanin, ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach na ƙasar Suwizalan, kuma wuƙar da ta yi suna da jan mariƙi, kowa ya gan ta da almakashi da mabuɗin gwangwani ya san kayan aiki ce. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, ta fi daɗin yankan abinci, ta kuma fi kyau a hoto saboda ƙotarta ta itace. Illarta guda: da damina itacen yakan sha laima ya kumbura ya matse ruwan har ya ƙi buɗuwa. Kada ka ɓamɓare shi da farce. Ɗan buga ƙarshen ƙotar a kan gungume, ruwan zai leƙo.

To, mu zo ga hoton. Abin da ke ba ka wahala abu ɗaya ne: ruwan wuƙa madubi ne. Kyamara ba ƙarfen take gani ba, abin da ke fuskantar ƙarfen take gani. In rana ce ta faɗo a kai ta dawo cikin idon kyamara, sai ya fito fari fat. In duhun ganyen bishiya ko baƙar rigarka ce ke gabansa, sai ya fito baƙi. In wayarka ce a saitinsa, ita za ka gani. Haske yana barin ƙarfe ne a daidai karkatar da ya sauka a kansa, ta ɗaya ɓangaren. Saboda haka, kafin ka danna komai, ka tambayi kanka: daga inda nake tsaye, me wannan ƙarfe yake kallo? Ajiye wuƙar, ka zuba ido a fuskar wayar, ka riƙa karkata ruwan a hankali da yatsa. Za ka ga yana sauyawa daga baƙi zuwa toka-toka zuwa fari. Inda ya yi toka-toka mai haske, tambarin kamfanin ya fito sarai, layin da aka wasa ya rabu da sauran jikin, nan za ka tsaya. Ka tokare shi da ɗan tsinke ko ƙwallon goruba daga baya inda ba a gani.

Abin da kake so ƙarfen ya kalla shi ne wani faffaɗan abu mai haske marar ƙarfi. Sararin sama mai lulluɓe da gajimare ya fi komai. Mu kuma Allah ya ba mu abin da masu ɗaukar hoto a wasu ƙasashe suke sayen farin ƙyalle da fitilu don su kwaikwaya, wato hazon hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya sauka rana ta dushe, sama gaba ɗaya ta zama farar fitila guda mai taushi, ƙarfe ba ya walƙiya, zanen itacen ƙota yana fitowa daki-daki. Ni dai ban san lokacin da ya fi wannan ba ga mai ɗaukar wuƙa hoto a ƙasarmu. Sai dai ƙura tana sauka cikin mintuna kaɗan, don haka ƙyallen gogewa ya kasance a hannunka.

Ranar da babu hazo babu gajimare, guji tsakar rana. Fito da sassafe kafin hantsi ya ɗaga, ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a kwance yana da ɗan ja-ja. In dole sai da rana tsaka, shiga inuwar dutse ko ta babbar kuka, amma cikakkiyar inuwa, ba mai ɗigo-ɗigon rana ba. A nan farar takarda ko farin hankici zai yi maka aiki: abokinka ya riƙe shi a sama daura da wuƙar, yana matsar da shi har ka ga farinsa ya kwanta a kan ruwan. Filasha kuwa kashe ta gaba ɗaya. Tana kusa da idon kyamara, sai ta bar farin tabo guda a kan ƙarfen ta bar sauran a duhu.

Kuskuren da masu waya suka fi yi shi ne kusantowa sosai. Babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, in ka matso da shi dab da wuƙa sai ɓangaren da ke kusa ya kumbura, na nesa ya tsuke, wuƙar ta yi kamar ta lanƙwashe, ga inuwarka a kai. Ja baya kamar kamu biyu, ka danna 2x in wayarka tana da shi. Taɓa wurin tambarin a fuskar wayar don ta saita gani a can, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi daga baya, wanda ya ƙone ya yi fari babu abin da ya rage a ciki da za a dawo da shi. Ka sa tsawon wuƙar ya yi daidai da fuskar kyamara, don in tsinin ya nufo ka, rabinta ne kawai zai fito ras. Mai babbar kyamara ya fara daga f/8 da ISO 100, wato saitin faɗin ƙofar haske da na ƙarfin kama haske, ya ɗora ta a kan jaka ko ƙafa uku don kada hannu ya girgiza. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara don kashe ƙyalli. Yana aiki a kan ruwa da ganye da itace mai sheƙi, amma ba ya kashe ƙyallin tsuran ƙarfe, don haka kada ka kashe kuɗinka a kansa da wannan niyya. Kuma kowane hoto, goge ruwan tukuna. Shatin yatsa da ido bai lura da shi ba, a hoto shi ne zai fara bayyana.

Shawarar abokinka ta caka wuƙa a bishiya kuwa, ina roƙonka ka bar ta. A ƙarƙashin ɓawon bishiya akwai wani siririn sashe mai rai, shi ke sa ta ƙara kauri, kusa da shi kuma hanyoyin da abincinta ke bi suke. Kowace huda ƙofa ce ga ƙwari da ruɓa. Tsamiya ko ɗorawa ko kaɗanyar da ka tarar a dajin nan ta girme ka, mutane suna ci daga gare ta, bai kamata a ji mata rauni saboda hoto ba. Kai ma kana cikin haɗari: yawancin ƙananan Victorinox ba su da makulli, ƙarfen baya ne kawai ke riƙe da ruwan, in ka caka da ƙarfi sai ya rufo a kan yatsunka. Tsinin ma yakan karye. In kana son wuƙar ta tsaya, nemi busasshen kututture mai tsaga, ka zura ta a tsagar a hankali.

Dutse ma da nasa. Falalen duwatsun Bauchi da na Filato suna da kyau a bayan wuƙa, amma a cikinsu da cikin yashi akwai ƙwayoyin ma'adinin da ya fi ƙarfen wuƙa tauri. A ma'aunin taurin ma'adinai yana mataki na 7, ƙarfen wuƙa kuwa bai kai can ba. Ka ja ruwan a kai sau ɗaya, ya bar zane, kaifin ya dakushe. Ɗora ta a hankali, ƙotar da bayan ruwan su taɓa dutsen, bakin yana sama, ko ka shimfiɗa busasshen ganye a ƙasa. Kuma don Allah kada ka sa hannu ka juya dutse ko gungume don gyara wurin hoto. Nan kunama da kububuwa suke fakewa, kuma yankinku zuwa Gombe an san shi da saran kububuwa, shi ya sa ma akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Fara turawa da sanda, kuma ka sa takalmi mai rufi.

Game da abin da za a sa a hoton, a ganina wuƙa ta fi kyau in an gan ta a bakin aiki. Rake da aka fere rabi, ga ɓawon a gefe. Gwaiba a tsage biyu. Asuwakin da aka gyara bakinsa, igiyar da aka yanke, sandar da aka fiƙe daga busasshen reshe ga ɓarɓashin a zube. Abu ɗaya ko biyu sun isa, in ka tara tarkace wuƙar sai ta ɓace. Jan mariƙin Victorinox yana fitowa sosai a kan koren ganye ko tokar dutse, ƙotar Opinel kuma takan saje da busasshiyar ciyawa, sai ka nema mata wuri mai ɗan duhu. Irin waɗannan hotuna su ne kuma za su kwantar wa yayanka da hankali. Hoton da kake riƙe da buɗaɗɗiyar wuƙa kusa da fuskarka, ko kana nuna kyamara da tsininta, ko kun jeru da abokai kowa da tasa a hannu, kada ka ɗauka balle ka ɗora a Facebook ko TikTok. Wanda zai gani bai san niyyarka ba, kuma hoto yana daɗewa a hannun mutane.

Saura kula da ita bayan an gama. Duba jikin ruwan Opinel ɗinka: in an rubuta Carbone, baƙin ƙarfe ne mai saurin tsatsa, in Inox ne, shi ne wanda aka haɗa da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, mai jure laima. Mai Carbone in ta yanka lemon tsami ko albasa ko mangwaro takan yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Wannan ba tsatsa ba ce, bar shi, yana ɗan kare ƙarfen, kuma yana rage ƙyalli har hoton ya fi sauƙin ɗauka. Ja-jan tsatsa ne ake gogewa. In ka ɗauke ta hoto a bakin rafi ko a kan jiƙaƙƙen dutse, goge ta nan take, ka bar ta a buɗe ta sha iska in kun koma gida, ka fitar da yashin da ya shiga mahaɗar da tsohon buroshin haƙori. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗar ya wadatar, amma kada ya taɓa inda ke yankan abinci. Man gyaɗa kada ka sa a mahaɗar, yana daɗewa sai ya yi danƙo ya kama ƙura.