Gwada eriyar gano alƙibla a cikin ɗaki

Malam, ka tambaya ko ana gwada eriyar gano alƙiblar sigina a cikin ɗaki. Ana yi, amma ba kowane ɗaki ba. Bango da ƙarfe suna dawo da siginar, sai eriya ta nuna gabas alhali daga arewa take zuwa. Shi ya sa ake lulluɓe ɗakin da soso mai tsini da ke shanye ta. A ɗora eriyar kan teburi mai juyawa, ana juyawa kaɗan-kaɗan, ana gwada abin da ta nuna da ainihin kusurwar.

Kada ka raina tazarar da ke tsakanin eriyar da na'urar da ke aiko siginar. Eriya mai siffar faranti, mai faɗin mita 1, a gigahaz 10 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne) tana buƙatar tazarar kusan mita 67. In ɗakin bai kai ba, a auna daga kusa, kwamfuta ta lissafa sauran.