Saiwar Bishiya da Duwatsun Tsohon Titi

Tambaya: Malam, ina zaune a wata tsohuwar unguwa a Ingila wadda hukuma ta keɓe don adana tarihi. Saiwar bishiyar gidana ta ɗaga duwatsun da aka shimfiɗa a titi. Zan iya sare ta?

Amsa: Hajiya, kada ki yi gaggawa. A irin wannan unguwa, doka ta wajabta sanar da ƙaramar hukuma mako 6 kafin a taɓa bishiyar da kaurin gangarta ya wuce milimita 75 a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, kuma hukumar na iya hana saran. Duwatsun kuwa, akan ciro su ɗaya bayan ɗaya, a daidaita ƙasa, a mayar da su, wanda a ganina ya fi malala kwalta.