Karyata ta fara jini, in bar ɗan'uwanta ya hau ta in sayar da 'ya'yan?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta, barka da ƙoƙari. Ina zaune a Kaduna, ina da karnuka biyu irin na 'yan sanda ɗin nan, Jaman Shefad, mace da namiji, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na saye su tare ne saboda gadi bayan ɓarayi sun hauro mana. Yanzu watansu 8, macen ta fara ɗigar da jini, shi kuma namijin ya hana mu barci da kuka. Wani abokina ya ce in ƙyale su su haɗu, in ta haihu in sayar da 'ya'yan akwai kuɗi sosai a harkar, wai kuma tunda jininsu ɗaya 'ya'yan za su fito orijina. Allura ɗaya aka taɓa yi musu tun a wajen wanda ya sayar min. Meye shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin komai, yau ɗin nan ka raba su, kar ka bari sai gobe. Kuma raba su ba wai ka ɗaure ɗaya a nan ɗaya a can cikin tsakar gida ba, a'a, ɗaki mai ƙofa da sakata, ko ka kai namijin gidan wani ɗan'uwa ya yi sati 3 zuwa 4 a can. Namiji mai wata 8 tsaf zai iya yi mata ciki. Inda mutane ke yin kuskure shi ne in sun ga jinin ya ragu ya koma ruwa-ruwa, wajen kwana 9 ko 10 da farawa, sai su ce ai ta gama su sake su, alhali daidai lokacin ne ma take yarda da namiji. Ka kula da katanga ma, don karnukan unguwa suna jin ƙanshinta daga nesa.

Yanzu maganar abokinka. Gaskiya garin neman ƙiba zai sa ka samo rama. Ka san yadda ake gwajin jini kafin aure saboda sikila, mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, SS na iya fitowa a 'ya'ya. Toh karnuka ma suna ɗauke da cututtukan gado a ɓoye kamar haka, kuma wa da ƙanwa su ne suka fi yiwuwar ɗauke da ɓoyayyen abu iri ɗaya tunda daga iyaye ɗaya suka gado. A lissafin masana gado, ɗan da wa da ƙanwa suka haifa yana da kashi 25 cikin 100 na maimaicin jini, na 'ya'yan wa da ƙani kuwa, irin auren zumuncin da muka sani, kashi 6 da kwata ne, ka ga ninki huɗu kenan. Abin da ke biyo baya shi ne 'ya'ya kaɗan, wasu su mutu a satin farko, wasu garkuwar jikinsu ba ƙarfi, wasu farfaɗiya, wasu kuma tsoro da firgita, kuma karen da ke cizo don tsoro ya fi kowanne haɗari a gidan da akwai yara. Shi kansa Jaman Shefad tun asali daga jini ƙalilan aka gina shi, wani tsohon sojan Jamus Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar irin a 1899, kuma an san irin da ciwon ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin gurbinsa, kare yana shekara ɗaya ko biyu sai ka ga yana tsalle da ƙafafun baya kamar zomo, tashi ma da ƙyar. Masu kiwo na ƙwarai sai sun ɗauki hoton ƙashin uwa da uba kafin su haɗa su. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya tun 2009 ta daina yi wa 'yan kwikwiyon da aka samu tsakanin wa da ƙanwa ko uba da 'ya rajista, daga 2012 kuma ta ce karya ɗaya kar ta wuce haihuwa 4 a rayuwarta. Su da suka fi kowa son "orijina" kenan fa.

Ko da namijin bare ne ma ba zan yarda ba a yanzu, don karya mai wata 8 yarinya ce, ƙashinta bai gama girma ba, manyan karnuka irin wannan sai sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Cikin kare kwana 63 ne ko kusa da haka, tana iya zubo 6, 8, har 10, kuma lokacin shayarwa abincinta na ninkawa biyu zuwa uku, abinci mai nama da kifi da ƙwai, ba ƙanzo da ragowar tuwo ba. In haihuwa ta zo da gardama tsakar dare sai tiyata. Ban san ko abokin naka ya sa wannan a lissafinsa ba, amma yawancin masu cewa akwai kuɗi farashin kwikwiyo kawai suke gani a Facebook, ba sa ganin na maganin tsutsa da ake fara ba su tun suna sati 2 kuma a maimaita duk bayan sati 2, da allurai, da sati 8 cif da ya kamata su yi a wajen uwarsu kafin a raba. Wanda ke sayar da kwikwiyo mai sati 4 don ya huta da ciyarwa ya cuci kwikwiyon ya cuci mai saye. Sannan in biyar suka ƙi sayuwa fa? Nan ne ake kai su bayan gari a zubar, su zama karnukan bola marasa rigakafi, su ne kuma ke cizon yaran mutane a hanyar makaranta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka, wato allura ɗaya. Malam karnukanka a yanzu kusan kamar ba a yi musu komai ba ne. Rigakafin fabo da sauran cututtukan da ake haɗawa a allura guda ana fara shi ne a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai sati 16. Fabo ita ce cutar nan ta amai da gudawa mai jini mai mugun wari, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayar kuma tana iya yin watanni a ƙasar gida tana jiran na gaba. Sai babbar, allurar haukan kare, ana yin ta a wata 3 a kuma sabunta duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan duka ta hanyar kare suka ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Abin haushin shi ne rigakafin ba wani abu ne mai wahalar samu ba, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin na karnuka, kuma kai da ke Kaduna ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da kai. Ka karɓi kati mai kwanan wata da sa hannun likita. In kuma tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a wuce asibiti ranar, kar a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Ta ɓangaren addini ni likitan dabbobi ne, fatawa ta malamai ce, amma ka san hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da gona, akwai kuma hadisin da ya yi hani a kan kuɗin kare, malamai sun yi saɓani a kan sayar da na gadi da na farauta. Tunda niyyarka ta koma kasuwanci ka zauna da malaminka tukuna. Abin da ba saɓani a kai shi ne haƙƙin dabbar da ka tsare, hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu kowa ya san shi. Ina faɗin haka ne don abin da muke gani a gidaje, kare a kejin kwano cikin ranar watan Maris da Afrilu, sarƙa ko taku uku ba ta kai ba, kwanon ruwa a bushe, wai don ya yi zafin rai. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, ga wannan irin da gashi mai kauri, zafi kaɗai na iya kashe shi da rana tsaka. A ba shi inuwa, ruwa kullum, a sake shi ya motsa jiki safe da yamma, a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska don ita ke kawo zazzaɓin da ke shanye musu jini. Kuma dan Allah kar a ba kare farasitamol ko ibuprofen na mutane, ko abinci mai albasa da yawa.

Tunda don gadi ka saye su kuma gida ɗaya za su ci gaba da zama, wannan rigima za ta dawo kusan duk wata 6, don haka ni shawarata a yi wa ɗaya daga cikinsu aiki, ko a fiɗiye namijin ko a cire wa macen mahaifa. Fiɗiya ba ta hana kare gadi, yawon bin mata ne take ragewa. Ga irin wannan na fi so a jira su haura shekara ɗaya saboda gaɓoɓinsu, ita macen kuma ba a yi mata aikin tana cikin jini, sai bayan wata 2 zuwa 3 da ɗaukewarsa. Kar ka yarda wani mai kemis ya yi mata allurar tsarin iyali ta mata, tana jawo mahaifa ta cika da mugunya, sau da yawa sai an kai ga tiyatar gaggawa. In kuma ka riga ka makara sun haɗu kafin ka karanta wannan, kar ka watsa musu ruwa ko ka ja su da ƙarfi in sun maƙale, za su rabu da kansu, galibi cikin minti 30 ko ƙasa da haka, ka rubuta ranar ka kai ta wajen likitan dabbobi cikin satin, ka tafi da namijin ma a fara musu alluran tare.