Gwiwa ta hana ni buga tanis, zan iya zama koci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Obalende ne a Legas, tun ina yaro nake tsintar ƙwallo a filin tanis na Onikan har na fara bugawa, na shiga gasanni a Surulere, yanzu kuma gwiwa ta ƙi. Ina so in koma koci amma abokai na cewa wanda bai taɓa ɗaukar babban kofi ba wa zai ba shi ɗansa? Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ka gaya wa abokan nan su nemi labarin Darren Cahill ɗan Ostareliya. Bai taɓa cin Grand Slam ba, wato ɗaya daga manyan gasannin tanis huɗu na duniya (ta Ostareliya, ta Faransa, Wimbledon da US Open), iyakar inda ya kai shi ne na 22 a duniya, ya je wasan kusa da na ƙarshe a US Open a 1988, shi ma ciwon gwiwa ne ya raba shi da fili. To amma da ya koma koci a hannunsa Lleyton Hewitt ya zama na ɗaya a duniya a 2001, sai Andre Agassi, sai Simona Halep wadda ta ci gasar Faransa a 2018, ga kuma Jannik Sinner, kai wallahi duk lokacin da na tuna mutumin nan sai in ji tausayin yaranmu da suke ajiye raket su kama kabu-kabu don jiki ya gaza.

Eh, akwai irin su Ivan Lendl mai manyan kofuna 8 da ya taimaki Andy Murray ya ci Wimbledon a 2013, amma iya bugu daban, iya koyarwa daban. Aikin koci ido ne da haƙuri. Za ka tsaya da kwandon ƙwallo tun sassafe kafin rana ta buɗe, kana jefa wa yaro ɗan shekara 8, kana kallon yadda ya riƙe raket da inda ya ajiye ƙafarsa ta hagu, ka gyara, ya sake kuskuren, ka sake gyarawa ba tsawa, wani lokacin ma sai ka durƙusa ka kama hannun nasa.

Ka nemi Hukumar Tanis ta Najeriya ka tambayi kwas ɗin koci na hukumar tanis ta duniya, mataki-mataki ne, ka fara daga na farko. Kafin nan ka liƙe wa wani tsohon koci ka riƙa ɗaukar masa kwando ko ba a biya ka ba. Gwiwar kuma ka kai ta wajen likitan ƙashi tukuna, don tsayuwar koci ta fi ta ɗan wasa tsawo.