Tambaya da Amsa: Yadda Bakteriyar Saiwa Ke Miƙa wa Juna Ƙwayoyin Gado

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun ƙananan halittu. An koya mana cewa bakteriya tana gadon halinta ne daga wadda ta rabu biyu ta haife ta. Sai kuma na ji cewa bakteriyar ƙasa da ba ta iya kama naitirojin tana iya samun wannan baiwa daga maƙwabciyarta. Ta wace hanya?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗana. Bakteriyar da ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da dangin wake, irin su Rhizobium da Mesorhizobium da Bradyrhizobium, tana buƙatar kayan aiki iri biyu. Akwai ƙwayoyin gadon da ake kira nod, masu sa saiwa ta yi ƙululu, akwai kuma nif da fix, masu juya naitirojin na iska ya koma amoniya. Waɗannan ba a warwatse suke ba, a ƙunshe suke wuri guda kamar ƙullin kaya, kuma ƙullin yana iya tashi. A wasu yana kan filasmid, wato zoben DNA mai zaman kansa: na Sinorhizobium meliloti, mai suna pSymA, ya kai haruffan DNA miliyan 1.35, wato tubalan da aka jera aka gina DNA da su. A yawancin Mesorhizobium kuwa an dasa shi ne cikin kuromosom, wato babban DNA na bakteriyar, shi ya sa ake ce masa tsibiri.

Bairos na iya ɗaukar guntun DNA daga wannan bakteriya zuwa waccan, wata kuma takan tsinci DNA da ya zube a ƙasa. Amma waɗannan hanyoyi ƙananan guntaye suke ɗauka. Kaya mai nauyin haruffa dubu 500 sai an haɗu jiki da jiki.

An fi sanin yadda abin ke gudana a tsibirin Mesorhizobium mai lamba R7A, wanda John Sullivan da Clive Ronson na Jami'ar Otago ta Niyu Zilan suka bayyana a 1998. Tsawonsa haruffa dubu 502 ne, a zaune a ƙarshen wata ƙwayar gado ta kuromosom mai suna phe-tRNA. Enzayim IntS, wato furotin mai yanka da haɗa DNA, da taimakon furotin RdfS, yakan yanke shi daga gefe biyu ya haɗa bakinsa ya zama zobe. Sai wani enzayim, RlxS, ya tsaga igiya ɗaya daga cikin biyun DNA a wurin da ake kira oriT, ya riƙe bakinta, a tura su tare ta wata kafa ta furotin da ta ratsa bangon mai bayarwa zuwa mai karɓa. Igiya ɗaya ce kawai ke tafiya. Kowane ɓangare zai saƙa igiyar da ya rasa, don haka mai bayarwa ba ta yi asarar komai ba. A can ciki IntS zai sake dasa zoben a phe-tRNA na sabuwar uwar gida.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka ɗaure wannan ƙofa tamau. Bakteriya tana fitar da wani sinadari, AHL, wanda yawansa ke nuna mata cunkoson 'yan'uwanta. Sai ya taru sannan furotin TraR, mai ba da umarnin fara miƙawar, ya farka. Ko ya farka, furotin FseA da ke kunna RdfS ba ya samuwa sai injin haɗa furotin ya zame da harafi ɗaya yayin karatu, abin da ke faruwa jefi-jefi. Ga kuma furotin QseM da ke danne TraR da FseA duka biyun. Shi ya sa ƙwayoyi ƙalilan ne cikin taro ke sakin tsibirinsu. Wani lokaci shukar ce ma ke buɗe ƙofar: a Azorhizobium caulinodans, sinadaran filabonoyid da saiwa ke fitarwa suna ƙara yawan miƙawar.

Tambaya: Malam, ni malamar gona ce. Mukan ga inda aka shafa wa iri garin bakteriya, shekarun farko amfani ya yi kyau, daga baya ganye ya riƙa yin rawaya alhali ƙululu na nan a saiwa. Ko wannan miƙe-miƙen na da hannu?

Amsa: Yana iya zama da hannu, Malama, amma a fara kawar da abubuwan da suka fi yawa: tsamin ƙasa, ƙarancin fosfaros ko molibdenom, ko ruwa da ya kwanta. Bayan mako 4 zuwa 6 da shuka, ki haƙo shuke-shuke kamar 10 daga wurare daban-daban da shebur, kada a tuge, domin tugewa na zubar da ƙululun. Ki wanke, ki tsaga da reza. Ja-ja ko ruwan hoda a ciki alama ce ta aiki, launin leghimogulobin ke nan da ke tsare enzayim ɗin kama naitirojin daga iskar oksijin. Fari yana nufin bai fara ba ko ba zai yi ba, kore kuma ya tsufa.

Inda miƙawar ke cutarwa shi ne nan: tsibirin yana ba da mabuɗin shiga saiwa, amma ingancin aikin ya dogara ga sauran kuromosom ɗin da ya faɗa ciki. A Niyu Zilan an shuka Lotus corniculatus, wata ciyawar kiwo dangin wake, da nau'in bakteriya guda a ƙasar da babu mai yi masa ƙululu. Bayan shekara 7 aka tarar da nau'o'i daban-daban a cikin ƙululun, duk ɗauke da tsibirin na asali. A Yammacin Ostiraliya haka ta faru da ciyawar kiwo Biserrula pelecinus da aka haɗa da Mesorhizobium ciceri WSM1271. Cikin shekara 6 bakteriyar da dama can suke zaune a ƙasar suka karɓi tsibirin. Ɗaya daga cikinsu, WSM2073, aikinta bai kai na asali ba, ɗayar kuma, WSM2075, ƙululu take yi ba ta kama naitirojin a wannan ciyawa. Sun saba da ƙasar, don haka suna iya rigan ta kirki shiga saiwa, su ci sukarin shuka ba su biya ba. An ga irin wannan miƙawa a gonakin waken suya na Birazil.

Ido ba zai tabbatar da wannan ba, sai an ware bakteriyar daga ƙululu an gwada DNA: idan nod da nif sun yi daidai da na garin da aka shafa amma sauran kuromosom ya bambanta, an yi miƙawa. Magani a gona shi ne rinjaye da yawa. A sake shafa sabon gari duk shuka, wanda aka adana a sanyi kuma wa'adinsa bai ƙare ba, a shanya irin a inuwa, a shuka ranar a ƙasa mai danshi.

Tambaya: Malam, ta yaya zan nuna wannan miƙawa a ɗakin gwaji?

Amsa: Ka raini mai bayarwa da mai karɓa daban-daban, ka wanke su, ka gauraya daidai wa daida, ka ɗiga a kan matata mai ramin maikuron 0.22 da ke bisa farantin aga, wato daskararren abincin da ake rainon bakteriya a kai. A bar su a digiri 28 na kwana 1 zuwa 2. Kada a yi cikin ruwa ana girgizawa, girgiza na raba su kafin a gama. Daga nan ka wanke matatar, ka tsarma ninki goma-goma, ka shimfiɗa a abincin da sai wadda ta karɓa za ta tsiro.

Ga R7A akwai dabara mai kyau. Tsibirin na ɗauke da ƙwayoyin gadon haɗa bitamin uku, biyotin da tayamin da nikotinet, kuma Mesorhizobium marar tsibiri ba ta girma sai an ba ta su. Saboda haka a yi abinci marar bitamin, a zuba maganin kashe bakteriya wanda mai karɓa ke jurewa amma mai bayarwa ba ta jurewa. Nan ake yawan tuntuɓe: aga marar tsarki ko ragowar tsohon abinci a jikin ƙwayoyin na kawo ɗan biyotin, sai kowa ya tsiro. Haka kuma mai bayarwa na iya samun juriyar maganin da kanta. Dole ka shimfiɗa kowacce ita kaɗai a irin wannan farantin, kuma su fito fayau. Abin da ya tsiro a gaurayen ka tabbatar da shi da gwajin PCR, mai ninka guntun DNA har a gan shi, a mahaɗar tsibirin da phe-tRNA, sannan ka zuba wa tsiron da aka raina a yashi mai tsabta marar naitirojin, tare da tukunyar da ba a zuba wa komai ba, ka auna busasshen nauyin ganye bayan mako 6.